*GYAMBON DA YA ƘI WARKEWA GA KUMA ƘARANCIN JINI: A DUBA ƁARGO KAFIN A KIRA WANZAMI*



'Yan'uwa masu bibiyar wannan zaure daga Ƙaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye, barkanmu da warhaka. Allah Ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Darasin yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe. Magana ce a kan wasu ciwukan fata da ake ta yi wa magani daga waje, alhali tushensu yana can cikin ƙashi, a ɓargo. Ba su da yawa a cikin jama'a, amma in suka shigo gida suna cinye dukiya da lokaci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, wasu abubuwan da muka saba yi da kyakkyawar niyya, irin su tsaga da ƙaho a kan wurin, su ne ke ƙara lalata su.

*YADDA ABIN KE ZUWA*

Galibi haka yake farawa. Mutum ya manyanta, ya ba hamsin baya. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. A sha maganin maleriya, a koma na taifot, a yi allurai. Ya ɗan ji dama, bayan sati biyu abin ya dawo. Jiki ba ƙarfi, tafiya masallaci ma sai da haki. A asibiti a ce jininsa ya yi ƙasa, a ƙara masa leda ɗaya ko biyu. Bayan wata biyu a sake cewa jini ya yi ƙasa.

A daidai wannan lokacin wani ƙurji ya fito masa a ƙwauri, kamar maruru. Ya fashe, ya ƙi rufewa, kullum ƙara faɗi yake. Wani ya ce daji ne, wani ya ce jifa ne, wani ya ce ya taka sammu.

To ka ga an raba ciwo ɗaya gida biyu. Jini yana hannun asibiti, gyambo yana hannun mai maganin gargajiya ko mai kemis. Likita bai ga ƙafar ba domin tana cikin wando da tsumma, mai maganin gyambo kuma bai san an yi ƙarin jini sau uku ba. Saƙon yau shi ne: *in ciwon fata mai taurin kai ya haɗu da ƙarancin jini mai dawowa, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a haɗa su wuri ɗaya a gaban likita, a nemi a ƙirga ƙwayoyin jini.*

*MENE NE AIKIN ƁARGO?*

Ɓargon da muke tsotsa a ƙashin rago, irinsa ne Allah Ya sanya a ƙasusuwanmu, kuma a nan ake ƙera jini. Ga babban mutum, ɓargon da ke wannan aiki ya fi yawa a ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari, ƙashin baya da ƙoƙon kai. Abu uku yake fitarwa:

1. *Jajayen ƙwayoyin jini.* Su ke ɗaukar iska zuwa ko'ina a jiki. Kowace tana rayuwa kusan kwana 120, shi ya sa ɓargo ke ƙera wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa don maye gurbin waɗanda suka mutu. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. In suka yi ƙasa, sai kasala, haki, jiri, bugun zuciya, tafin hannu da cikin ido su yi fari.

2. *Fararen ƙwayoyin jini.* Su ne sojojin jiki masu yaƙar ƙwayoyin cuta. In suka yi ƙasa ko suka lalace, ciwo kaɗan sai ya kwantar da mutum.

3. *Ƙananan ƙwayoyi masu tsayar da jini,* waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filatilet. Kwana 7 zuwa 10 suke yi. In suka yi ƙasa, sai haɓo, jinin dasashi, jinin al'ada mai yawa, da yanka kaɗan ya ƙi tsayawa.

A lura: ɓargo daban, laka daban. Laka ita ce igiyar jijiya da ta bi ta tsakiyar gadon baya daga ƙwaƙwalwa. Za mu dawo kan wannan bambanci, domin yana da amfani.

*ME YA HAƊA ƁARGO DA FATA?*

Sojojin jiki a ɓargo ake haifarsu. In irin da ke haifar da su ya samu matsala, sai ya riƙa fitar da sojoji marasa tarbiyya. Su taru a fata ba tare da wata ƙwayar cuta ta shigo ba, su zubar da sinadaran da ya kamata su kashe abokin gaba a kan naman mai su. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara ruwa kamar mugunya, har ya ɓurme ya zama gyambo. Shi ya sa za a sha kafso kala-kala, a yi alluran kashe ƙwayoyin cuta, amma shiru. Babu ƙwayar da za a kashe, rikicin na cikin gida ne.

Wani lokacin kuma abin juyawa yake yi. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta afka wa fata da gaɓoɓi, ta kuma afka wa ƙwayoyin jini ko ɓargon kansa. Ta kowace hanya, fata ce ke fara nuna wa ido abin da ke faruwa a ciki, wani lokaci watanni kafin a gano ciwon jinin.

*CIWUKAN DA YA KAMATA KA SAN SUNANSU*

*Na ɗaya: gazawar ɓargo da likitoci ke kira MDS.* Ɓargo yana aiki, amma ƙwayoyin da yake fitarwa gurɓatattu ne, da yawa suna mutuwa tun kafin su shiga jini. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60. Alamarsa ta farko ƙarancin jini ne da ba ya jin maganin ƙarin jini na sha, ko an sha wata da watanni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi, ciwon yana iya rikiɗewa ya zama sankarar jini. Kuma tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin kowane 10 masu shi suna samun ciwon kumburi na fata, gaɓoɓi ko jijiyoyin jini.

*Na biyu: ciwon Sweet.* Sunan wani likitan fata ne a Ingila, Robert Douglas Sweet, wanda ya bayyana shi a 1964 bayan ya gan shi a jikin mata 8. Ba shi da alaƙa da zaƙi ko ciwon suga. Zazzaɓi ne ke zuwa farat ɗaya tare da wasu tudun-tudun kumburi masu zafi a fuska, wuya, hannuwa da bayan tafin hannu. A farar fata ja suke, a fatarmu sun fi nuna duhu, kamar shuɗi-shuɗi ko ƙasa-ƙasa, suna sheƙi kamar akwai ruwa a ciki. Zafi suke yi in an taɓa, fiye da ƙaiƙayi. Yana iya biyo bayan mura, juna biyu ko wani magani. Amma kusan mutum 1 cikin 5 masu shi akwai ciwon daji a ɓoye, mafi yawa na jini.

*Na uku: gyambo mai ci, wanda a asibiti ake kira fayodama gangirinosum.* Wannan shi ne ya fi shafar mu. Yana farawa kamar ƙaramin ƙurji ko cizon ƙwaro, galibi a ƙafa. Cikin 'yan kwanaki ya buɗe, ya yi ta faɗi. Zafinsa ya fi girmansa, har ya hana barci. Bakinsa yana yin duhu, ya ɗago, kamar an rarake ƙarƙashinsa. Kusan rabin masu shi suna da wani ciwo a ciki: na hanji mai sa gudawa da jini, na gaɓoɓi, ko na jini da ɓargo. Yana da wata muguwar ɗabi'a: *duk inda aka ji wa fata rauni, yana iya tsirowa a nan.* Tsaga, kankara, sakiya, wurin allura, har wurin tiyata. In aka yanke bakin gyambon don a tsabtace shi, sai ya ƙara faɗi.

*Na huɗu: VEXAS.* Wannan sabon ganowa ne. A 2020 likitocin cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, NIH, suka bayyana shi a jikin maza 25. Wani canji ne ke faruwa a ƙwayar halitta mai suna UBA1 a cikin irin ɓargo bayan mutum ya girma. Ba gadonsa ake yi ba, kuma uba ba ya ba ɗansa. Kusan duk masu shi maza ne da suka wuce 50. Alamominsa: zazzaɓi mai dawowa, ƙurajen fata irin na ciwon Sweet, kumburin guringuntsin kunne da na hanci mai zafi, jan ido, tari da haki, daskarewar jini a jijiyar ƙafa, da ƙarancin jini. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2023 ya ƙiyasta kusan namiji 1 cikin 4,000 na waɗanda suka haura 50 yana da shi. Ka duba hikimar Allah: mutane sun daɗe suna fama da wannan ciwo, ana yi musu maganin fata daban, na huhu daban, na jini daban, sai shekarun nan aka gane tushe ɗaya ne. In haka ta faru a manyan asibitocin duniya, to mu ma sai mu daina raba ciwon mutum ɗaya gida-gida.

*Na biyar, musamman ga mata: lufus.* Nan garkuwar jiki ce ke yaƙar mai ita. Cikin masu shi 10, kusan 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata. Ƙuraje ko duhu a kumatu da karan hanci masu ƙaruwa in an shiga rana, zubewar gashi, gyambon baki, ciwon gaɓoɓi, kumburin ƙafa da fuska, ɓari a kai a kai, ga jini yana yin ƙasa. Uwargida, in kin ga waɗannan sun haɗu a jikinki ko jikin 'yarki, kar a tsaya kan cewa sanyi ne ko aikin kishiya.

Duk ciwukan nan biyar *ba a ɗaukarsu.* A ci abinci tare, a zauna tare, a yi jinya ba ƙyama.

*KAR A FIRGITA*

Mafi yawan ciwon fata da ke gidajenmu ba ruwansa da ɓargo. Ƙazuwa ce, makero ne, ƙyasbi ne, ƙurajen zafi ne, maruru ne, ko kirci. Gyambon ƙafa ma ya fi zuwa daga ciwon suga, sikila, ciwon jijiyoyin ƙafa, ko raunin da aka bari ya ruɓe. Haka ƙarancin jini a yankinmu: maleriya, rashin abinci mai gina jiki, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa da sikila su ne kan gaba. Abin da ke sa a ɗaga kunne shi ne *haɗuwar alamomi.*

*ALAMOMIN DA IN SUN HAƊU, SAI ASIBITI*

Ciwon fata da ya wuce sati 3 zuwa 4 ana magani bai sauka ba, ko gyambon da ke faɗi cikin kwanaki, tare da ɗaya daga cikin waɗannan:

1. An yi wa babban mutum ƙarin jini fiye da sau ɗaya cikin 'yan watanni, ba haihuwa, ba hatsari, ba sikila.
2. Zazzaɓi fiye da sati 2, an yi maganin maleriya da taifot bai tafi ba.
3. Haɓo, jinin dasashi wajen aswaki, ko tabon kwanciyar jini ba tare da an buge ba.
4. Ɗige-ɗige ja ko baƙi kamar kan allura a ƙafafu, cikin baki ko cikin fatar ido, waɗanda ba sa ɓacewa in an danna.
5. Kunne ko hanci ya kumbura yana zafi, ya sauka, ya sake dawowa.
6. Rama, gumin dare mai jiƙa riga, ƙaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi, ko nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu wajen saifa.
7. Ciwon yana lafawa in an sha deksa ko firednisolon, yana dawowa da an daina.

In akwai jinin da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida kamar kwalta, haki a zaune, ruɗewa, ko zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari ga wanda aka riga aka ce fararen ƙwayoyinsa sun yi ƙasa, wannan na gaggawa ne. Ba a jiran ranar kasuwa.

*ABUBUWA HUƊU DA ZA A DAKATAR KAFIN A YI GWAJI*

*1. Ƙaho da tsaga.* Ƙaho sunna ce tabbatacciya, Manzon Allah (SAW) ya yi, kuma muna kwaɗaitar da shi a wannan zaure ga wanda ya dace. Amma malaman da suka yi sharhin maganin Annabi, irin su Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa fitar da jini yana bambanta gwargwadon lokaci, wuri, shekaru da yanayin jikin mutum. Wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa, me za a cire masa? Wanda ƙwayoyin tsayar da jininsa suka ƙare, tsaga goma ƙofa goma ce ta zubar jini. Mai gyambo mai ci kuwa, kowace tsaga tana iya zama sabon gyambo. Shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani. Haka hukuncin yake ga sakiya, lalas, cire beli da cire haƙori. 'Yan'uwanmu wanzamai da masu hijama, ku riƙa tambaya kafin ku ɗora aska: an taɓa ƙara maka jini? Kana haɓo? In an ce e, a tura shi gwaji tukuna. Ya zo a hadisi cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, alhakin abin da ya ɓata yana wuyansa.

*2. Deksa, firednisolon da ƙwayoyin "sha ka fashe".* A jikin kwali za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Prednisolone. Abin mamaki, irin waɗannan magunguna su ne likita ke bayarwa a yawancin ciwukan da muka lissafa. Matsalar ita ce shan su kafin gwaji. Suna kwantar da alamomi, suna iya ɓoye wasu nau'o'in sankarar jini har gwaji ya kasa nuna su, suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana garkuwa da ƙashi. In kuma gyambon na ƙwayar cuta ne ko tarin fuka, sai su ƙara masa ƙarfi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, *kar ya yanke rana ɗaya,* hakan na iya jefa shi cikin hatsari. Ya kai kwalin wurin likita a rage masa sannu a hankali. Man shafawa na bilicin da masu haɗin uku-a-ɗaya da yawansu akwai irin wannan sinadari a ciki.

*3. Magungunan ciwon jiki masu tsinka jini ko cin ciki.* Asfirin, ibufurofen, dikulofenak, firoksikam, da garin Alabukun wanda akwai asfirin a cikinsa. Ga mai ƙarancin filatilet suna iya jawo zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi aminci, a kan ƙa'ida. Allurar ɗuwawu ma a dakata da ita.

*4. Zuba abubuwa masu zafi a gyambo.* Ruwan batir, kanwa, toka, fetur, garin kafso, tafarnuwa da aka daka. Duk ƙona nama suke yi. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri kaɗan, a hankali ba gurzawa, a rufe da bandeji mai tsabta wanda ba ya mannewa.

Zuma da habbatus sauda fa? Alheri ne, a ci a sha daidai misali. Zuma mai kyau tana taimaka wa wasu raunuka, likitoci ma sun yarda da haka. Sai dai ba ta gyara ɓargon da ya lalace, kuma man habba yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuna a buɗaɗɗen rauni. Ruƙya da addu'a kuwa a dage da su dare da rana, a hanyar asibiti da kan gadon asibiti. Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, Shi kuma Ya sanar da wanda Ya so.

*INA ZA A JE, WANE GWAJI ZA A NEMA?*

A fara da babban asibitin da ke kusa, na Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi. A nan ga abin da za a kula da shi. Gwajin da aka fi yi mana shi ne PCV, kuma shi jajayen ƙwayoyi kawai yake aunawa. Wanda ake buƙata sunansa *FBC,* mai ƙirga duka ukun, tare da *duba jini a kan gilashi* ta madubin likita don a ga siffar ƙwayoyin. In babu a kusa, akwai a Gusau.

Don ka iya karanta takardarka: ma'aunin Hb na namiji lafiyayye 13 ne zuwa sama, na mace 12, mai ciki 11. Fararen ƙwayoyi wajen 4,000 zuwa 11,000, ko da yake baƙar fata da yawa nasu yana ɗan gaza haka kuma lafiyarsu lau. Filatilet 150,000 zuwa 450,000. In biyu ko duka uku sun yi ƙasa, ko farare sun yi mugun yawa, ko an ce jajayen sun fi girman ƙa'ida, to a nemi takardar turawa zuwa *likitan jini.* Daga FMC Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura za a iya tura ka gaba. Asibitocin koyarwa na UDUTH a Sakkwato, ABUTH a Shika ta Zariya, da na Malam Aminu Kano suna da sashen ciwukan jini.

Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, tafiya ba ta da sauƙi kuma kuɗi sun yi wuya. Saboda haka a shirya tafiya ɗaya mai amfani:

- In hali ya yi, a ɗebi jinin gwaji *kafin* a yi ƙarin jini, domin jinin wani yana rikita sakamako. In rai na cikin hatsari kuwa, ƙarin jini ne gaba.
- A tattara duk tsofaffin takardun gwaji, a rubuta ranakun da aka yi ƙarin jini da leda nawa.
- A zuba duk magungunan da aka sha a leda, na kemis da na gargajiya, a tafi da su. Kar a ɓoye komai.
- A ɗauki hoton ciwon da waya duk bayan kwana 3, a ajiye murfin kwalba a gefensa don a ga girma.
- A buɗe wa likita ciwon ko bai tambaya ba. Larurar magani ta halatta a nuna wurin da ake buƙata. Mace ta tafi da muharraminta ko 'yar'uwarta.
- A tambayi ranar da likitan jini ke zama kafin a kama hanya, a kuma yi tafiyar da rana.

*TSORON ƊIBAR ƁARGO*

Da yawa in aka ce za a ɗebi ɓargo sai su gudu, wai mutum zai shanye. Ka tuna bambancin ɓargo da laka. Daga ƙashin ƙugu ta baya ake ɗiba, gefe guda, nesa da laka. Ana kashe zafin wurin da allura, a ɗebi ɗan kaɗan, aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma ɓargo yana mayar da abin da aka ɗiba cikin ɗan lokaci. Ana iya yankar ɗan ƙaramin yanki na fata ma a kai ɗakin gwaji. Wannan likita ne zai auna amfaninsa da hatsarinsa, kuma da shi ake bambanta gyambo mai ci da na ƙwayar cuta ko na daji.

*AKWAI MAGANI?*

Akwai, da izinin Allah, gwargwadon ciwon. Ciwon Sweet yana saurin jin magani, sau da yawa cikin 'yan kwanaki zazzaɓi da kumburi ke sauka. Gyambo mai ci yana ɗaukar watanni, yana barin tabo, amma yana rufewa in an kwantar da garkuwar jiki. Masu lufus suna aure, suna haihuwa, suna tsufa in suna bin asibiti. MDS da VEXAS sun fi nauyi. Ana lallaɓa su da ƙarin jini, magungunan kwantar da kumburi, da wasu allurai irin su azasitidin. Abin da ke iya raba mutum da su gaba ɗaya shi ne dashen ɓargo, wanda yake da tsada da hatsari, kuma ba kowa jikinsa ke ɗauka ba. A Najeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, a kan wani yaro mai sikila. Ko da ba a kai ga dashe ba, sanin sunan ciwo yana tsayar da yawon magani, yana hana a sayar da gona a kan abin da ba zai yi amfani ba, yana kuma kawar da zargin maƙwabci ko kishiya a kan abin da ba su yi ba. Wannan zargin zunubi ne babba, kuma ya raba zumunci da yawa.

*KARE ƁARGO TUN DA WURI*

Yawancin ciwukan nan jarrabawa ce da ke zuwa ba tare da laifin kowa ba. Amma akwai abubuwan da aka tabbatar suna cutar da ɓargo:

- *Fetur.* Akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda ke jawo gazawar ɓargo da sankarar jini ga mai yawan mu'amala da shi. 'Yan bumburutu, makanikai da masu injin ban ruwa, a daina zuƙo mai da baki ta tiyo, a daina wanke hannu da shi, kar a ajiye jarkoki a ɗakin kwana.
- *Taba sigari.* Ita ma akwai benzin a hayaƙinta.
- *Kafson taifot mai suna Chloramphenicol.* Ga wasu mutane ƙalilan yana kashe ɓargo gaba ɗaya, ko da makonni bayan an gama sha. Kar a saya ba da takardar likita ba.
- *Dalma.* Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma tana hana ɓargo ƙera jini, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Mai zuwa haƙar ma'adinai kar ya kawo dutse ko kayan aikinsa cikin gida, ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro.
- *Maganin feshi na gona.* A rufe hanci da jiki, kar a yi feshi ana fuskantar iska, kar a zuba ruwan sha ko man girki a galan ɗinsa.

*IBADAR MAI CIWON FATA*

Addini ya yi sauƙi a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman bin Auf da Zubair bin Awwam (RA) rangwamen sa alhariri saboda ƙaiƙayin da ke damunsu, alhali haramun ne ga maza. Malamanmu na Malikiyya sun ce in wanke wuri zai cutar, a shafa a kansa. In shafar ma za ta cutar, a shafa a kan bandeji. In ciwon ya game yawancin jiki kuma ruwa na cutarwa, a yi taimama. Ruwan da ke tsatsowa da kansa daga ƙurji ba tare da an matsa ba, an yi afuwa a kansa. Mai jinin dasashi ya yi aswaki da mai taushi, a hankali. Batun azumi kuwa a tambayi likita mai amana, sannan a kai wa malami bayaninsa.

Ku kuma dangi, mai irin wannan ciwo jini yake buƙata a kai a kai. Lafiyayyen da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa, namiji duk bayan wata 3, mace duk bayan wata 4. Jiki yana mayarwa. A tabbata an tantance jinin kafin a ƙara. Sadaka ce mai girma, kuma zakka ta halatta ga matalaucin da jinya ta ci ƙarfinsa.

Maigida, yau in ka koma gida ka duba. In akwai dattijo ko wata baiwar Allah da ke ɗaure da ƙafa wata da watanni, ka tambaya ko an taɓa ƙara musu jini. In an taɓa, ka nemo takardun, ka sa ranar zuwa gwajin FBC, a kuma dakatar da aska har sakamako ya fito.

Wannan bayani faɗakarwa ce, ba ya maye gurbin ganin likita. A tura wa 'yan'uwa, musamman wanzamai, masu hijama da masu kemis da kuka sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya sa ciwo ya zama kankarar zunubi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.